Siminti Ba Dutse Ba Ne: Yadda Za A Kiyaye Daɓen Gida

Shekarar da na fara karɓar albashi, na ƙudurta a raina cewa abin da zan fara yi wa mahaifiyata shi ne in fasa daɓen ƙasa na ɗakinta, in zuba mata na siminti. Da aka ba da hutu cikin hunturu na tafi gida, na sayi siminti, na kira birkila da lebura guda, cikin yini biyu suka gama aiki. Daɓe ya yi sumul yana ƙyalli, har maƙwabta suna leƙowa kallo. Da birkila zai tafi ya ce mini, "Malam, a riƙa zuba masa ruwa safe da yamma har kwana bakwai." Na ce to, amma a zuciyata na ce, ina amfanin jiƙa abin da mu ke so ya bushe? Ga shi kuwa ruwa sai an je rijiya mai nisa. Sai na sa aka buɗe ƙofa da taga don iska ta shiga, bayan kwana uku aka mai da gado da akwatuna.

Ban sake zuwa gida ba sai bayan wata shida. Na tarar daɓen ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, in an sa tsintsiya sai gari ya yi ta tashi, tsohuwa tana ta tari. Don in rufe kunyata, na sayo jan fenti na shafe shi duka, ana tsakiyar damina. Ba a yi wata biyu ba fentin ya kumbura, ya shiga ɓarewa kamar ɓawon rogo. Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba. Abin da ta ce kurum shi ne, "Ɗan nan, daɓen da ka fasa ya girme ka."

Wannan magana ita ta sa na shiga tambayar magina da karanta abin da masana suka rubuta, har na gane inda na yi kuskure. Na ga ya kamata in rubuta abin da na koya, domin kowannenmu, ko ba daɗe ko ba jima, zai sami kansa cikin gida mai daɓen siminti, nasa ko na haya. Balle kuma mu da ke zaune inda ruwan sama ya ke da yawa. A Kano ko Sakkwato damina wata huɗu ce ko biyar, amma a Ikko ko Inugu ko Kalaba ta kan kai wata bakwai ko fiye, saboda haka abin da daɓe zai jure a can ba lalle ne ya jure shi a nan ba.

MENE NE SIMINTI?

Ana yin siminti da dutsen farar ƙasa da yumɓu. A kan niƙa su tare, a ƙona su cikin wata doguwar tanderu mai juyawa, da zafin da ya kai wajen digiri 1,450, sa'an nan a sake niƙa abin da ya fito har ya zama gari. Wani birkila mutumin Lids a Ingila, mai suna Joseph Aspdin, shi ya yi wa irin wannan siminti rajista a shekarar 1824, ya sa masa suna Fotlan don kalarsa ta yi kama da ta wani dutsen gini da a ke haƙowa a wani wuri mai wannan suna. A ƙasarmu, da fari duk simintin da a ke aiki da shi daga ƙetare a ke kawo shi cikin jirgin ruwa, sai a 1957 aka buɗe ma'aikatar farko a Nkalagu kusa da Inugu. Ta Ewekoro ta biyo baya a 1960, ta Kalambaina a Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka kuma a 1979. In an haɗa siminti da yashi da tsakuwa da ruwa, shi ne a ke kira kankare.

To, ga abin da ban sani ba ranar da na buɗe taga. Tubalin ƙasa bushewa ya ke yi: rana ta kwashe ruwan da ke cikinsa ya yi tauri, in kuwa ka sake jiƙa shi ya koma laka. Siminti ba haka ya ke ba. Shi haɗuwa ya ke yi da ruwan, su zama wani abu sabo wanda ke ɗaure yashi da tsakuwa, har ma ko a ƙarƙashin ruwa ya kan yi tauri. Shi ya sa buhun da aka ajiye a ɗaki mai danshi ka kan tarar ya daskare, ba wanda ya kwaɓa shi. Wannan haɗuwa kuwa ba ta ƙarewa a yini ɗaya. A kwana 7 kankare ya kan sami wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, sai a kwana 28 masu gini ke lissafin ya isa. In iskar hunturu ta kwashe ruwan tun kwana na biyu, aikin ya tsaya ke nan, fatar daɓen ta zama gari. Abin da ya sami ɗakin tsohuwata ke nan.

Abu na biyu shi ne, ba dukan ruwan da aka kwaɓa da shi siminti ke sha ba. Saura ya kan fita a hankali, ya bar waɗansu 'yan ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Wanda ya ke so ya tabbatar, ya ɗauki gutsuren kankare busasshe ya tsai da shi cikin faranti mai ɗan ruwa. Kafin a jima zai ga ruwa yana hawa jikinsa kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Ta waɗannan kafofi ne danshi da mai da gishiri ke shiga. Saboda haka duk maganar kula da siminti ta tattaru a kan abu guda: a makon farko ba shi da masoyi kamar ruwa, bayan ya yi ƙarfi kuma ba shi da maƙiyi kamarsa.

KAKANNINMU SUN RIGA MU SANI

Rufe fuskar daɓe don kada ruwa ya shiga ba sabon abu ba ne a wurin Bahaushe. In za a yi daɓe, mata su kan taru da madaɓai, a shimfiɗa tsakuwa a yi ta bugu, ana yayyafa ruwan makuba, watau ruwan da aka jiƙa ɓawon ɗorawa a ciki, har daɓen ya yi duhu, ya yi ƙarfi, ya daina shan ruwa. Magina kuma suna da laso, wanda su ke haɗawa da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara, su shafe rufin soro da shi. Kowace shekara kuwa kafin ruwa ya sauka, mai gida ya kan hau soro ya duba, ya gyara indararo, ya sa a yi yaɓe inda ya zaizaye.

Da siminti ya zo sai muka ɗauka dutse muka samu, muka bar wannan al'ada ta dubawa. Nan ne asarar ta ke. Siminti ya fi makuba ƙarfi nesa ba kusa ba, amma shi ma yana son mai gida ya riƙa zagayawa.

TUN RANAR ZUBAWA

Rabin wahalar daɓe daga ranar da aka zuba shi ta ke farawa, don haka in za a yi maka sabo, ka tsaya a wurin da kanka. A fara daddaɓe ƙasar ƙwarai, sa'an nan a shimfiɗa leda mai kauri, bakin wata ya hau kan wata, domin ta tare danshin da ke tasowa daga ƙasa. Kaurin kankaren ya kai inci huɗu. Awon da aka saba da shi shi ne siminti kashi 1, yashi kashi 2, tsakuwa kashi 4. Buhu mai kilo 50 ya kan cika kwanon sarki biyu, watau kwanon da leburori ke ɗaukar yashi da shi, saboda haka buhu ɗaya zai ci kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Ruwa kada ya wuce wajen lita 25 ga buhu. Lebura ya fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin shebur, amma duk ruwan da aka ƙara, kafofi aka ƙara.

Yashi ya zama mai tsabta. Ka zuba kaɗan cikin kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye ya kwanta. Laka za ta kwanta bisa yashin. In kaurinta ya kai kashi ɗaya cikin goma na yashin, a wanke shi ko a sake wani. Yashin bakin teku yana da gishiri, kada a yi aiki da shi sai an wanke shi sarai. Kada ka yarda birkila ya barbaɗa busasshen siminti bisa ruwan da ya taso a fuskar daɓe don ya sami ƙyalli da wuri. Wannan fatar ita ce ke fara tsagewa ta ɓare. A jira ruwan ya janye tukuna a goge da cokalin gini.

In daɓen tsakar gida ne, a ba shi gangare wajen inci ɗaya cikin kowace ƙafa huɗu, ya nufi kwata, ba gindin bango ba. Kankare kuma ya kan ɗan tsuke in yana bushewa, tilas ne ya tsage a wani wuri. Dabarar magina ita ce su zaɓa masa wurin: su ja layi mai zurfin inci ɗaya bayan kowace ƙafa goma, tsagar ta bi cikin layin, ba ta ɓata daɓen ba. Daga nan sai ban ruwa. Washegari a rufe daɓen da tsofaffin buhuna ko yashi, a riƙa jiƙa su kada su bushe har kwana bakwai. Mai kwaɓa siminti ya sa takalmin roba da safar hannu, domin ɗanyen siminti yana cin fata, in kuwa ya faɗa ido a wanke da ruwa mai yawa nan da nan.

ABOKAN GABAN DAƁE

Na farko ruwa ne, ko wanda ke kwanciya a bisa, ko wanda ke tasowa daga ƙasa. Alamarsa ita ce wani fari-fari kamar kanwa da ke fitowa a fuskar daɓe ko gindin bango. Gishirin da ke cikin ƙasa da kankaren ne ruwa ya narkar ya fito da shi, ruwan ya bushe ya bar shi. Gogewa da busasshen buroshi ta kan kawar da shi, amma zai komo muddin ba a tare hanyar ruwan ba. Inda ruwa ke kwanciya kuma gansakuka ke fitowa, ita ce ke ka da tsofaffi da masu ciki a bakin rijiya da makewayi.

Na biyu tsami. Siminti ɗan'uwan farar ƙasa ne, duk abu mai tsami yana cinsa: ruwan batir, lemun tsami, tsamiya, nono, ruwan tsamin gasara, da ruwan da a ke matsewa daga rogo. Fitsarin dabbobi ma ya kan ci shi a hankali. Ka duba wurin da a ke zubar da irin waɗannan kullum, za ka ga tsakuwa ta fito fili. Na uku mai, ko manja, ko man gyaɗa, ko baƙin man inji. Shi ya kan nutse cikin kafofin ya bar tabo, ya kuma hana kowane irin fenti kamawa daga baya.

Na huɗu mu ne da kanmu. Daka a turmi bisa daɓe, faskaren itace, jan gadon ƙarfe, hura gawayi a ƙasa ba tare da kurfoti ba, duk suna fasa shi. A keɓe wa turmi wurinsa a kan ƙasa, a ɗora abin wuta bisa tubali. Na biyar saiwar itace. Mangwaro ko darbejiya da aka shuka dab da daɓe, bayan 'yan shekaru saiwarsa za ta ɗaga shi.

SHARA DA WANKI

Yashin da ƙafa ke shigowa da shi yana goge daɓe kamar dutsen wasa wuƙa, don haka shara kullum ita ce gyara na farko, kuma ba ta cin ko kwabo. Wanki da ruwa da sabulu ya isa, a ɗauraye, a kore ruwan. In mai ya zube, kada a fara da ruwa. A zuba toka ko dusar katako ta kwana a kai ta tsotse shi, a share, sa'an nan a goge da ruwan zafi da garin sabulu. Gansakuka kuwa, a haɗa bilic kashi ɗaya da ruwa kashi goma, a zuba, a jira kamar minti goma sha biyar, a goge da buroshi mai tauri a ɗauraye. Amma fa kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan batir ko wani maganin wanke makewayi mai tsami, domin hayaƙin da ke tashi guba ne. Waɗansu su kan wanke daɓe da ruwan batir don ya yi fari. Farin da su ke gani fatar daɓen ce ta narke.

IN BANGO BAI TSAGE BA

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ruwa ya ke da daɓe. Amma ba kowace tsaga ce abin tsoro ba, iri uku ce. Akwai 'yan sirara kamar gashi, masu kama da saƙar gizo. Waɗannan a fata kaɗai su ke, shafe daɓen ya kan rufe su. Akwai tsagar da ta buɗe ta tsaya. Akwai kuma mai tafiya, wadda ke ƙaruwa. In kana so ka rarrabe su, ka liƙa ɗan kwaɓaɓɓen siminti a gicciye bisa tsagar, ka rubuta kwanan wata a gefe. In bayan wata ɗaya ko biyu liƙin ya tsage, ƙasar da ke ƙarƙashi tana motsi ke nan. Ka kuma bi daɓen kana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Inda ya yi ƙara kamar ganga, fatar ta rabu da abin da ke ƙarƙashinta, sai an fasa wurin an sake.

Ga yadda a ke ɗinke tsagar da ta tsaya. A faɗaɗa ta da guduma da cizal har ta ɗauki kwaɓi, a fasa duk gefen da ya yi rauni. A share garin sarai. A jiƙa wurin tun daren jiya, domin busasshen kankare zai tsotse ruwan sabon kwaɓi ya kashe shi, amma kada a bar ruwa kwance a ciki. A dama siminti zalla kamar kunu a shafa a ciki, tun bai bushe ba a cusa kwaɓin siminti kashi 1 da yashi kashi 3, a danna ƙwarai, a daidaita. Sa'an nan a rufe da jiƙaƙƙen buhu har kwana bakwai, kamar dai sabon daɓe.

Tsaga mai tafiya ba ta jin siminti, za ta sake buɗewa. Ita sai abu mai miƙewa, kamar kwalta, bayan an binciko abin da ke motsa ƙasar, wanda galibi ruwa ne ke bi ta ƙarƙashi ko saiwa. In kuwa tsagar ta isa yatsa ya shiga, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko ta haura bango, wannan ya wuce aikin mai gida. A kira injiniyan gini.

SHAFE DAƁE DON TOSHE KAFOFINSA

Yanzu mun zo ga makubar zamani. Masu shagon fenti suna kiran abin sila, kuma iri biyu ne manya. Na farko shi ne mai kwanciya a bisa ya zama fata, kamar akrilik, da ifoksi, da fentin daɓe, da jan man nan mai kaki da a ke goge ɗaki da shi. Irin wannan yana ba da ƙyalli, yana tare mai da tabo, amma ƙafa tana cinye shi, yana santsi in ya jiƙe, in kuma danshi na tasowa daga ƙasa sai ya kumbura ya ɓare. Akrilik ya fi araha, ana sabunta shi bayan shekara ɗaya zuwa uku. Ifoksi ya fi ƙarfi da tsada, ya dace da kicin da wurin ajiye mota, amma rana tana sa shi ya yi rawaya, don haka na cikin ɗaki ne.

Na biyu shi ne mai nutsewa cikin kankaren, ba ya sake kamannin daɓe. Akwai silikat, wanda ke haɗuwa da farar ƙasar da ke cikin kankare ya ƙarfafa fatar. Shi ne maganin daɓen da ke tashin gari. Akwai kuma silen da siloksen, waɗanda ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare kamar a bisa ganyen gwaza, amma su bar danshin ciki ya fita. Su suka fi dacewa da tsakar gida da baranda da bangon da ruwa ke duka, kuma su kan yi shekara biyar ko fiye.

Kowanne ka zaɓa, akwai sharuɗɗa huɗu, kuma uku daga cikinsu na karya ranar da na shafa jan fentina. Na ɗaya, sabon daɓe ya cika kwana 28. Na biyu, a ɗinke tsagogi tukuna. Na uku, ya zama da tsabta, ba mai, ba gari, ba tsohon fenti mai ɓarewa. Na huɗu, ya bushe har ciki. Ga gwajin da zai nuna maka: ka yanki leda mai faɗin inci 18 kowane gefe, ka shimfiɗa a daɓen, ka liƙe bakinta duka da salatif, ka bar ta kwana ɗaya da yini. In ka ɗaga ka ga gumi a jikin ledar, ko wurin ya yi duhu, danshi yana tasowa. Kada ka sa mai yin fata a wannan daɓe sai ka magance ruwan.

Lokacin da ya fi kyau shi ne rani, bayan ƙasa ta bushe, da safe ko da la'asar, ba da tsakar rana ba sa'ad da daɓe ya yi zafi. A fara gwadawa a wani lungu. A shafa siriri-siriri sau biyu, na biyun a gicciye bisa na farkon, bayan na farko ya bushe gwargwadon yadda aka rubuta a jikin gwangwanin. Shafi mai kauri ba ya ƙara ƙarfi, sai dai ya yi fari ya yi kumfa. A buɗe tagogi, a fitar da yara, a kashe fitila da murhu, domin da yawa daga cikin waɗannan magunguna suna kama wuta, warinsu kuma yana juya kai. A makewayi da matakala, a barbaɗa yashi mai laushi bisa shafin farko tun bai bushe ba, don maganin santsi. In kana so ka san ko lokacin sabuntawa ya yi, zuba ruwa cokali ɗaya: in ya dunƙule ya tsaya, da saura, in ya nutse wurin ya yi duhu cikin 'yan mintoci, lokaci ya yi.

Na ga waɗansu suna shafe daɓe da baƙin man mota don araha. Ina roƙon 'yan'uwa su bar wannan. Yana da dauɗa mai cutarwa ga yaran da ke rarrafe, yana santsi, kuma bayansa ba abin da zai sake kama daɓen.

RUFIN KANKARE

Lalacewar daɓe asarar kuɗi ce, amma lalacewar rufin kankare, wanda magina ke kira dakin, tana iya zama asarar rai. A cikinsa akwai rodi, kuma kankaren ne ke kare rodin daga tsatsa. In ruwa da iska suka daɗe suna shiga ta kafofi da tsagogi, kariyar ta kan ƙare, rodi ya yi tsatsa. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma sau da yawa, sai ta tura kankaren daga ciki har ya ɓalle. A garuruwan bakin teku abin ya fi sauri saboda gishirin da ke cikin iska. Alamun su ne jan zane kamar na goro a ƙarƙashin rufi, da tsaga miƙaƙƙiya mai bin layin rodi, da gutsattsarin da ke faɗowa.

Kafin damina a hau a share ganye da ƙasa, a buɗe indararo, a duba ko akwai inda ruwa ke kwanciya, a rufe saman da kwalta ko shimfiɗar kwalta da a ke mannawa da wuta. In rodi ya riga ya bayyana, shafa filasta a kansa ɓoye ciwo ne kurum. Sai an fasa kewayensa, an kankare tsatsar har ƙarfe ya fito, an rufe da kwaɓi mai ƙarfi wanda kaurinsa ya kai inci ɗaya. In rodin ya sirance, ko rufin ya yi ciki, a kwashe mutane daga ɗakin a ranar, a nemo injiniya.

YADDA NA ƘARE DA ƊAKIN TSOHUWA

Da rani ya komo na sake zuwa gida, wannan karo na fara da zagaya ɗakin ta waje. Ashe ruwan kwano a gindin bango ya ke zuba, ya kwanta, ya bi ta ƙarƙashin daɓe. Na sa aka cike wurin aka ba shi gangare, aka ja 'yar kwata ta fitar da ruwan. Sa'an nan aka fasa daɓen nan duka, aka shimfiɗa leda, aka zuba sabo. Na ɗauki hayar mai garuwa har kwana bakwai, ni da kaina na ke jiƙa buhunan safe da yamma. Bayan wata guda na yi gwajin leda, na ga ba gumi, tukuna na shafe shi. Da na yi lissafi, na tarar kuɗin ruwan kwana bakwai ɗin bai kai na buhun siminti ɗaya ba, ga shi kuwa ƙin biyansa ya sa na sayi daɓe sau biyu da fenti a tsakani.

Tun daga nan na mai da abin al'ada, sau biyu a shekara. Kafin ruwa ya sauka na kan duba rufi da indararo da kwata, in ɗinke tsagogi. Bayan ruwa ya ɗauke na kan wanke gansakuka, in bi daɓe da ƙotar guduma, in zuba cokalin ruwa in gani ko shafin yana nan. Aikin bai wuce na yini ɗaya ba. Ina fata duk wanda ya karanta wannan, in ya koma masaukinsa yau, zai sunkuya ya dubi daɓen da ya ke takawa, ya kuma ɗaga kai ya dubi rufin da ya ke kwana a ƙarƙashinsa. Allah ya kiyashe mu da asara, amin.